Yadda za ka sa karatu ya zauna maka a kai, ko na allo ne ko na JAMB

Akwai wata yarinya da nake koyarwa a lesin yamma, 'yar SS3 ce, duk ajin babu wanda ya kai ta naci. Littafinta na Bayoloji in ka buɗe sai ka ga ja, ka ga kore, ka ga ruwan ɗorawa, kusan kowane layi ta ja masa biro. Ta ce min babin zagayawar jini sau uku ta karanta shi a satin nan. Na ce to madalla miƙo littafin, na rufe na ɗora a kan tebur, na ce faɗa min, in jini ya fito daga huhu ina yake fara shiga a cikin zuciya? Ta yi shiru, ta kalli silin, ta kalli hannunta, can ta ce "Malam wallahi na sani fa, yana bakina, har shafin ina gani, a gefen dama zanen yake." Idonta ya kawo ruwa. Abin ya tsaya min a rai sosai don na san ba wasa ta yi ba, ta ba da lokacinta, hanyar ce kawai ba a taɓa nuna mata ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don irinta suna da yawa, kuma da yawansu har sun yanke wa kansu hukunci cewa su ba su da ƙwaƙwalwa.

Abin da ya same ta shi ne ta haɗa gane abu da tuna abu, alhali ba ɗaya ba ne. Ka taɓa haɗuwa da mutum a kasuwa, ka san fuskar nan sarai, kun gaisa har da tambayar mutan gida, amma sunan ya ƙi zuwa? To haka maimaita karanta shafi yake yi maka. Karo na uku idonka ya saba da shafin, komai ka gani sai ka ji ai na san wannan, sai zuciyarka ta kwanta. Ranar jarrabawa kuma ba shafin za a ba ka ka gane ba, cewa za a yi kai ka fito da shi.

Kafin mu shiga matakan, ka fara cire wa ranka cewa mantuwa ciwo ne da ya same ka kai kaɗai. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya fitar da bincikensa a 1885, shi da kansa ya yi gwajin a kansa, ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa. Ya ga cikin awa ɗaya fiye da rabi ya tafi, bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku, daga nan kuma zubewar sai ta rage gudu. Abu mai ma'ana ya fi haka daɗewa, amma yanayin ɗaya ne, zubewa mafi yawa a farko-farko take faruwa. Mu kuma tun muna yara muke jin hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya yi umarni a riƙa bibiyar Alƙur'ani don ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. In har Alƙur'ani sai da bibiya yake zama, ina ga Kemistiri.

Mataki na farko: ka fahimta, kuma ka ɗauki kaɗan

Kar ka fara haddace abin da ba ka gane ba. Haddar aku tana kai mutum zuwa gwajin ranar Juma'a, amma ba ta kai shi WAEC, don da an juya tambayar kaɗan shikenan ta rushe. In ka karanta sakin layi ka tambayi kanka, me ya sa haka? Misali me ya sa bangon zuciya na ɓangaren hagu ya fi na dama kauri? Saboda shi ne yake tura jini duk jiki har tafin ƙafa, na dama kuwa huhu kawai yake kaiwa, ga shi nan kusa. Kaga yanzu ba sai ka haddace "hagu ya fi kauri" ba, dalilin ne zai riƙe maka shi. In ka karanta sau biyu ba ka gane ba kar ka yi ta dukan wuri ɗaya, ka sa alama ka tambayi malami ko abokin da ya fi ka a wannan darasin, ba abin kunya ba ne.

Sannan yawan abin da kake ɗauka a zama ɗaya. Wani mai bincike George Miller a 1956 ya ce abin da mutum yake iya riƙewa a lokaci guda bai wuce bakwai ba, ko sama da biyu ko ƙasa da biyu, daga baya wani mai binciken, Nelson Cowan, a 2001 ya ce gaskiyar ta fi kusa da huɗu. Duba yadda kake karanto wa mutum lambar waya, lamba 11 ce amma ba wanda yake zubo ta a tare, huɗu kake faɗa ka tsaya, uku ka tsaya, sannan huɗu. Malamin allo ma bai taɓa cika wa ƙaramin yaro allo da Baƙara ba, aya biyu uku yake rubuta masa, sai ya ga ta zauna sannan a yi ƙari. Kai ma haka za ka yi da babi, ka yanka shi gida-gida, shafi biyu ko uku, kowane gida ka ba shi suna da bakinka.

Mataki na biyu: rufe littafin ka biya

Nan ne zan fi daɗewa don wallahi in wannan kaɗai ka ɗauka daga rubutun nan ya ishe ka ka ga canji.

Ka tuna yadda ake wanke allo. Ba ka isa ka je ka wanke ba don kawai ka ce ka karanta sau hamsin, sai ka zo gaban malam ka durƙusa, ka juya allon rubutun yana kallon ƙirjinka ko malam ya karɓe shi, ka biya da ka. In ka yi tuntuɓe ya ce koma. In ka kawo daidai sannan ya ce je ka wanke. Wannan biyawar da ka ba gwaji ba ce kawai, ita ce take dasa karatun. Duk lokacin da ka tilasta wa kanka ka lalubo abu daga cikin kai, hanyar zuwa wurinsa tana ƙara buɗewa, kamar yadda turba take fitowa a gona in ana yawan bi.

Masu bincike sun gwada wannan. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a Amurka sun ba ɗalibai wani rubutu, wasu aka ce su yi ta maimaita karantawa har zama huɗu, wasu kuma zama ɗaya suka karanta, sauran ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar masu maimaita karantawa ne a gaba. Amma bayan sati ɗaya sai abin ya juye, masu maimaitawa suka tuna kashi 40 cikin 100, masu rubutawa da ka suka tuna kashi 61. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, masu maimaita karantawar su ne suka fi yarda da kansu cewa za su tuna. Yarinyar nan tawa kenan. A 2013 ma John Dunlosky da abokan aikinsa sun bi hanyoyin karatu guda goma da ɗalibai suke amfani da su, biyu kawai suka sa a sahun gaba, gwada kai da kuma rarraba bita, ja wa layi biro da maimaita karantawa kuwa suna can ƙasa.

Ga yadda za ka yi a aikace. Ka samu littafin rubutu na daban mai arha, wannan shi ne allonka. Ka karanta gida ɗaya da ka yanka, a natse, sau ɗaya ko biyu. Ka rufe littafin, ba wai ka sa yatsa a ciki ba, ka rufe ka ture shi gefe ko ka zauna a kai. Sai ka rubuta duk abin da ka tuna, da Hausa ko da Turanci ko a gauraye, ba ruwanka da kyan rubutu, in zane ne ka zana ka sa sunaye. Idan ka kafe kar ka yi saurin leƙawa, ka ba kanka ko da minti ɗaya kana lalube, wannan ɗan zafin da kake ji a kai shi ne aikin. Sai ka ga babu sauran abin da zai fito sannan ka buɗe, ka ɗauki jan biro ka cike abin da ka bari, ka gyara abin da ka yi kuskure. Jan biron nan shi ne yake gaya maka gaskiya, gobe daga nan za ka fara ba daga abin da ka riga ka iya ba.

Zan gaya maka tun yanzu, ranar farko ba za ka ji daɗi ba. Za ka karanta shafi biyu ka rufe ka ga layi huɗu kawai ka iya kawowa, ranka ya ɓaci, ka ji kamar tsohuwar hanyar ta fi. Dan Allah kar ka koma. Layi huɗun nan dama su kaɗai ne suka shiga, da can ma haka ne, ba ka sani ba ne kawai sai a ɗakin jarrabawa. Gara ka gani yanzu a ɗakinku da sauran wata uku a gaba.

In Lissafi ne ko Fiziks, biyawar ita ce ka rufe misalin da aka warware ka warware shi da kanka tun daga farko. Kallon malam yana yi a allo kana gyaɗa kai ba iyawa ba ce. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa ma haka, mutane da yawa suna karanta tambaya su leƙa amsa a baya su ce eh haka ne, sun ɓata tambayar kenan. Ka zaɓi amsarka ka rubuta tukuna, sannan ka duba, in ka faɗi ka koma littafi ka nemo dalilin da ya sa.

Mataki na uku: bita a rarrabe, kafin ya gama zubewa

Awa shida a dare ɗaya a kan darasi ɗaya, da awa ɗaiɗai a kwana shida daban-daban, lokacin ɗaya ne amma sakamakon ba ɗaya ba ne ko kusa. Kwanan karatu ana gobe jarrabawa yana iya fitar da kai gobe, bayan sati biyu kuwa kamar ba ka taɓa gani ba, kuma JAMB da WAEC karatun shekara uku suke tambaya, ba a kwashe shi a dare.

Tsarin da nake ba ɗalibaina shi ne, abin da ka koya yau ka biya shi da daddare kafin ka kwanta, minti biyar zuwa goma. Gobe ka sake. Sai bayan kwana uku, sai bayan sati, sai sati biyu, sai wata. Lambobin nan ba wahayi ba ne, za ka iya matsawa, abin da ake so dai tazarar ta riƙa ƙaruwa, kuma kowace bita da ka za a yi ta, littafi a rufe. In ka zo bita ka ga ya zube gaba ɗaya, tazarar ta yi yawa, ka dawo da shi kusa. In kuma ya zo maka ba ko tunani, to ka ƙara nisa. A saman kowane shafi na allonka ka rubuta kwanan watan da za ka dawo masa, don in ka bar wa kai lissafin ba za ka yi ba.

Mahaddata sun fi kowa sanin wannan. Ba alaramman da zai bar ka kana ta ƙari ba tilawa, za ka ji ana cewa wane ya yi sauka amma tilawarsa ta zube. Alƙur'ani izu 60 ne, wanda ya riƙe izu biyu kullum yana zagaye shi a kwana 30, shi ya sa ba ya kuɓuce masa. Ni a ganina duk zaman karatu na boko ma haka ya kamata a raba shi, kashi ɗaya na tilawa a farko, sannan ƙari. In awa biyu gare ka, minti talatin na farko na tsohon karatu ne, ko da kana jin kana baya a manhaja. Gudun gama manhaja alhali na baya yana tsiyayewa ɗiban ruwa da kwando ne.

Ga ƙananan abubuwa masu yawa irin ma'anar kalmomi, alamomin sinadarai, shekaru, ƙa'idojin Fiziks, kati ya fi. Wani ɗan jarida Bajamushe Sebastian Leitner ne ya yaɗa tsarin a 1972, kuma ba ya buƙatar kuɗi. Ka samu kwalin sabulu ko na shayi ka yayyanka daidai tafin hannu, gaba tambaya baya amsa, kati ɗaya tambaya ɗaya, kar ka cusa sakin layi. Ka samu ambulan uku ko gwangwanin madara uku. Na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku sati-sati. Duk sabon kati a na farko yake farawa, in ka amsa daidai ya ci gaba zuwa na biyu, in ka sake amsawa ya tafi na uku, ranar da ka faɗi kuma ko daga ina yake sai ya dawo na farko. Sharaɗin ɗaya ne, sai ka faɗi amsar da baki kafin ka juya katin. Mai babbar waya zai iya sauke manhajar kati mai suna Anki, ita take yi maka lissafin ranakun da kanta, kuma tana aiki ko babu data. Amma in ka san da ka ɗauki waya sai ka tsinci kanka a TikTok, ka tsaya a kwalinka, kwali ba ya neman caji in an ɗauke wuta.

Wani abu ƙarami da ke tafiya da wannan, kar ka yi tambaya ashirin iri ɗaya a jere. In an gama koya maka wata hanyar warware lissafi ka yi biyar ka ga hannunka ya faɗa, sai ka gauraya da na satin jiya da na wancan watan. A jarrabawa ba wanda zai rubuta maka a sama cewa wannan daga babi kaza take, gane wace hanya za a bi shi ne rabin aikin.

Mataki na huɗu: ƙugiya ga abin da ba shi da dalili

Akwai abubuwan da ba "me ya sa" a cikinsu, jeri ne kawai sai an riƙe. Nan ake neman ƙugiya. Duk wanda ya yi Islamiyya ya san yarmaluna, kalma ɗaya ta tattara haruffan idgami shida, ya san ƙuɗbu jaddin ta riƙe haruffan ƙalƙala biyar, shekara ashirin bayan barin makaranta mutum zai kawo maka su. Haka malamanmu suka riƙa mayar da ilimi waƙa, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu da waƙoƙi ta karantar da mata ta hannun jajis na 'yan taru, su haddace su koma ƙauyukansu su koyar. Kai ma ka ɗauki harafin farko na kowane abu a jerin ka ƙirƙiri jimla da Hausa, ko ka ɗora jerin a kan karin wata waƙa da ka sani. Wadda ka ƙirƙira da kanka ta fi wadda aka ba ka zama, ko da ba ta da daɗin ji.

Sai kuma dabarar gida, wadda tun zamanin Girkawa ake yinta, ana danganta ta ga wani mawaƙi Simonides, kuma masu gasar hadda na duniya har yau da ita suke aiki. Ka ɗauki gidanku, wanda ko ido a rufe ka san shi, ka tsayar da wurare a jere yadda kake shiga, sai ka ajiye kowane abu a wuri ɗaya da hoto mai ƙarfi. Mu gwada da Hausa bakwai. A ƙofar gida ka ga rijiyar Kusugu ta tare hanya sai ka tsallaka, Daura kenan. A zaure an baza shuni da rinannun zannuwa har sun ɓata tabarmar baba, Kano. A tsakar gida hasumiyar Gobarau ta tsiro ta wuce katanga, Katsina. A bakin murhu Sarauniya Amina a kan doki tana leƙa tukunya, Zazzau. A gindin randa Bawa Jan Gwarzo yana shan ruwa da takobi a hannu, Gobir. Rano da Biram na bar maka, ka nema musu wuri da hoto. Ka bi gidan a ranka sau biyu, gobe ka sake bi, za ka ga suna nan inda ka bar su. Sai dai kar ka zaƙe, wannan na jeri ne kawai, ba ta maye gurbin fahimta, kuma ita ma sai da bita.

Mataki na biyar: ka koya wa wani

Gardawa suna zaman musaffa, wannan ya ja wancan ya karɓa, in ka kuskure nan take a gyara maka. Ku ma ku samu ku biyu ko uku, kar ku wuce huɗu don daga nan hira ce. Kowa ya zo da tambaya goma da ya rubuta, ɗaya ya riƙe littafi ɗaya ya yi bayani. In ba ka da abokin karatu ka kira ƙaninka na JSS ka yi masa bayanin da Hausa zalla, inda ka ji ka koma jero Turancin littafi ba ka iya sauƙaƙawa, to wurin ba ka gane shi ba tukuna, ka sa masa jan biro.

Barci, waya da sauran abin da ke kewaye da karatun

Barci ba hutu ba ne daga karatu, cikinsa ne. Akwai wani ɓangare a ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus, shi yake karɓar sabon abu, kuma lokacin barci ne ake bitarsa ana ƙarfafa shi ya zama na dindindin. Tun 1924 masu bincike Jenkins da Dallenbach suka nuna cewa wanda ya haddace abu ya kwanta ya fi tunawa a kan wanda ya haddace ya ci gaba da harkokinsa na awanni daidai da haka. Matashi yana buƙatar awa takwas zuwa goma, babba bakwai zuwa tara. Na san a gidajenmu da zafi da sauro da hayaniya ba kullum ake samun haka ba, amma ko yaya kar ka mayar da kwana biyu ba barci abin alfahari. Tsarin da na ga ya fi yi wa yara aiki shi ne sabon karatu bayan Isha'i, a biya shi a kwanta, bayan sallar Asuba a sake biyawa kafin gida ya tashi. Ba banza ba tsangaya take karatun dare da na asuba.

Waya kuwa ba a juya ta a kan tebur, a wani ɗakin ake barinta, ko ka ba Umma ta riƙe maka. Abin da hankalinka bai tsaya a kai ba bai shiga ba balle a yi maganar mantawa. Ka yi minti 25 ba ɗagowa, ka tashi minti biyar ka sha ruwa ka miƙe ƙafa, ka dawo. In ka yi haka sau huɗu ka huta sosai.

Maganar da dole in yi, don na ga yaran da ta lalata. Duk wanda ya ce maka ga ƙwaya ko wani sirof da zai buɗe maka kai ka kwana kana karatu, ka guje shi, Tramadol da kodin ba su taɓa ƙara wa kowa hadda ba, rayuwa suke ci. Kofi da goro suna kore barci na ɗan lokaci amma in ka sha da yamma barcin da zai dasa karatun suke ɓatawa. Dabino da zuma da zabibi abinci ne masu kyau, ka ci in ka samu, ka karya da safe ko da koko da ƙosai ne, ka riƙa motsa jiki, ka riƙe addu'arka ta Rabbi zidni ilma, amma duk wannan tare da biyawa da bita suke tafiya. In kuma mantuwar sabuwa ce, ta zo da yawan kasala ko jiri ko ciwon kai ko damuwa mai nauyi, wannan asibiti za ka je a duba ka, ƙarancin jini kaɗai ya isa ya hana yaro tattara hankali.

Yadda za ka haɗa su in jarrabawa ta kusa

JAMB darasi huɗu ne, tambaya 180 cikin awa biyu, Turanci 60 sauran ukun 40-40. Mu ce wata uku ya rage kuma awa biyu kake samu a rana. Minti 30 na farko katunan gwangwani da shafukan da kwanan watansu ya zo. Awa ɗaya ƙari, darasi biyu a rana ba ɗaya ba, kowanne a karanta a rufe a rubuta a gyara. Minti 30 na ƙarshe tsofaffin tambayoyi a gauraye. Rana ɗaya a sati babu ƙari sam, ka zauna da agogo ka yi cikakkiyar jarrabawa, in da hali a kwamfuta don hannunka ya saba, sannan duk tambayar da ka faɗi ta zama kati. In ka tsallake kwana biyu saboda biki ko zazzaɓi kar ka ce tsari ya rushe, ka fara da tilawa ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Sati na ƙarshe a daina ƙari, jan biro da gwangwanin farko kawai. Daren jarrabawa ka duba su na awa ɗaya, ka haɗa takardar shiga da duk abin da aka ce a zo da shi, ka kwanta da wuri. In ka zauna a gaban kwamfuta wata tambaya ta kafe maka, kar ka tsaya kokawa da ita lokaci yana tafiya, kusan sakan 40 kowace tambaya take da shi. Ka ja numfashi, ka cire amsoshin da ka tabbata ba su ba ne, ka zaɓi ɗaya ka riƙe lambarta ka wuce, sau da yawa kana cikin wata tambayar amsar waccan za ta faɗo maka, sai ka koma ka gyara kafin lokaci ya cika.